Ɗan Aiken Ɗan Aike

Na san duk wanda ya buɗe wannan mujalla tamu abin da ya saba gani shi ne waƙa, ko tatsuniya, ko nazarin karin magana, ko kuwa muhawara a kan ƙa'idojin rubutu. To, ni yau da wani abu dabam na zo, watau labarin wata kunya da na sha a garinmu Wurno lokacin hutun da ya wuce. Da farko na ɗora wa kwamfuta laifin, daga baya na ɗora wa yayana, sai da na zauna na yi tunani sosai sa'an nan na ga ashe ni ma ina da kaso babba a ciki. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a hankali, ko da ya ga na taka fagen masu lissafi, domin ƙarshen maganar gida za ta komo.

Wurno ba baƙon suna ba ne ga wanda ya karanta tarihin Daular Usmaniyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya gina shi ribaɗi, a nan kuma kabarinsa yake tun da ya rasu a 1837, har gobe mutane suna zuwa ziyara. Amma mu da aka haifa a ciki, fadama muka fi sanin garin da ita. Gulbin Rima ya gangaro daga wajen Goronyo ya bi ta gefenmu kafin ya je ya haɗu da gulbin Sakkwato, wanda shi kuma ya biyo ta Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, wadda ke iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, noman rani ya ƙara zama abin dogaron jama'ar wannan yanki. Da an kawar da amfanin damina sai a koma shinkafa da albasa da tafarnuwa da alkama.

Sai dai noman rani ɗan kuɗi ne. Manomi yana bukatar taki da man injin ban ruwa tun kafin ya ga ko kwabo daga gonar. Wannan ne ya sa wasu manoma suka haɗa wata 'yar ƙungiya mai ofis a Wurno, wadda 'yanta suka fito daga ƙauyukan Wurno da na Rabah da na Goronyo. Ƙungiya takan sayo taki da yawa, ta ba kowa bashi a farkon rani, in an sayar da amfani a biya. Dokarta guda ce, kowa kuma ya san ta: wanda ake bin sa ragowar bashin bara, ba a ba shi na bana. Shekara da shekaru wani dattijo da muke kira Malam Sakatare shi ke riƙe da lissafin a cikin wani babban littafi mai baƙin bango, wanda ya iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa.

Da mutane suka yi yawa, littafi ya fara gagarar ido, sai aka nemi yayana, wanda ya karanta ilmin kwamfuta, ya tsara musu manhajar da za ta riƙa yin lissafin. Ya kuwa tsara, ya kuma ajiye kome da kome a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofis, bai jingina ta da intanet ba, domin bai manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Ni kuwa da na zo hutu sai ya ce ga aiki ya samu ɗan Hausa, tun da ni na san inda ake sa ƙugiya a ƙa da ɗa da ɓa, ba zan mai da Ɗanɓaki ya zama Danbaki ba. Na kwashe kwanaki ina juye sunaye daga littafi zuwa kwamfuta. Da ranar rabon taki ta zo, ni aka ɗora a kan tebur, manomi ya miƙo katinsa, in buga lambarsa, in karanta abin da ya fito.

Ranar da sanyin hunturu muka fara. Aka ce sababbin shiga su fara, suka yi layi, kowa na buga lambarsa sai allo ya nuna babu bashi, a ba shi buhunansa ya wuce. Daga nan aka zo kan tsofaffin 'yan ƙungiya. Mutum biyu na farko duk allo ya nuna ana bin su, na kuwa karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, suka sunkuyar da kai suka koma gefe, domin sun san ba su biya ko sisi ba. Nan fa wuri ya ɗauki surutu, ana cewa lalle wannan akwati ba ya karɓar hanci, ba ya kuma jin kunyar kowa. Ni ma sai na ji kaina ya ƙara girma, na gyara zama kamar alƙali.

Na uku wani dattijo ne daga wani ƙauye na Goronyo, mai farin gemu, da rawani ya rufe kunnuwa saboda sanyi. Ya gaishe ni kafin in gaishe shi, abin da ya kamata tun nan in ji nauyi. Na buga lambarsa, sai ga kuɗin buhu huɗu cif sun fito a gidan bashi. Na ɗaga murya na ce, "Baba, ana bin ka kuɗin buhu huɗu na bara, sai ka biya tukuna."

Ya ɗan matso, ya ce, "Yaro, mi kac ce?"

Na maimaita.

Ya ce, "Ni na biya. Ran da nis sai da albasata niz zo nan da ƙahwata, ga Malam Sakatare nan, hannu nai nib ba kuɗin. Ko kwabo ba a bi na."

Malam Sakatare ya ce shi ma yana jin haka aka yi, amma mutane da yawa suka biya a wannan mako, ba zai iya rantsuwa da ka ba, littafin kuwa ya baro shi gida tun da an ce yanzu kwamfuta ta ɗauke masa aiki. Maimakon in ce a dakata a ɗauko littafi, sai na sake buga lambar, abu ɗaya ya sake fitowa, na juya allo wajen jama'a na ce, "Baba, ga shi nan, kwamfuta ba ta ƙarya." Wani matashi daga baya ya yi dariya ya ce kowa aka kama sai ya ce ya biya. Dattijon nan bai ƙara cewa uffan ba. Ya dube ni, ya dubi allon, ya karɓi katinsa ya sa aljihu, ya juya ya fita.

Ba a yi rabin awa ba sai ga na biyu da na uku da na huɗu, kowa yana rantsuwa ya biya, kwamfuta kuwa tana cewa ana bin sa. Wani daga Rabah har ya zaro rasit ɗinsa daga cikin hula, da sa hannun Malam Sakatare a kai. Nan jikina ya yi sanyi. Aka tsai da rabo, aka aika aka ɗauko littafi, aka buɗe shafin dattijon Goronyo, ga dangwalen yatsansa nan, ga kuɗinsa an rubuta ya biya duka. Aka fita neman sa tasha, aka tarar ya riga ya shiga mota. Ba abin mamaki ba ne, domin tun harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40, da sauran abubuwan da suka biyo baya, mutanen wannan hanya ba su son yamma ta yi musu a waje. Watau dai mutumin nan ya ɗauki ransa a hannu ya zo, na kira shi macin bashi a gaban jama'a, ya koma hannu rabbana.

Da dare muka zauna ni da yayana a zaure da kwamfutar a gabanmu. Abu na farko da ya duba shi ne ko ni na manta ban shigar da biyan dattijon ba. Ya buɗe, ga shi nan na shigar daidai. To, in kuɗin na ciki, me ya hana na'ura ta gan su? Ya yi shiru yana bin rubutunsa layi-layi, can sai ya dafa kai ya yi salati. Na ce ya gaya mini da Hausa, kada ya sa mini Turanci ko ɗaya, domin ni aka kunyata, ina da haƙƙin in san abin da ya kunyata ni. Ga yadda na fahimci bayaninsa.

Inda kwamfuta ke ajiye irin wannan lissafi shi ake kira rumbun bayanai. A cikinsa kome a jadawali yake, mai layi-layi da gida-gida kamar rajistar makaranta. Wani masani na kamfanin IBM a Amurka, Edgar Codd, shi ya fito da wannan tsari a 1970, abokan aikinsa biyu kuma, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka bayyana harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi a 1974, wanda a yau ake kira SQL. A rumbun ƙungiyarmu akwai jadawalin sunayen manoma, da na abin da kowa ya karɓa, da na abin da kowa ya biya, lambar kati ita ke haɗa su. In aka yi wa rumbu tambaya, amsar ma a ɗan ƙaramin jadawali takan fito, wanda za mu iya kira jadawalin amsa.

To, akwai ayyukan da ake maimaitawa kullum, kamar a ce a tara abin da mutum ya karɓa, a tara abin da ya biya, a cire wannan daga wancan. Maimakon a riƙa rubuta umarnin kowane lokaci, sai a rubuta shi sau ɗaya, a raɗa masa suna, a ajiye shi a cikin rumbun, duk mai bukata ya kira shi da sunansa kawai. Rumbun da yayana ya yi aiki da shi, MySQL, ya samu wannan dabara tun 2005. Na ce masa mu kira shi ajiyayyen umarni, ya ce sunan ya yi daidai amma yana da nauyi a baki. Sai muka daidaita a kan ɗan aike, tun da abin da yake yi ke nan: a kira shi, a ba shi saƙo, ya je ya komo da amsa. Daɗin daɗawa, ɗan aike yana iya aiken wani ɗan aike, shi ma wancan ya aiki wani, aike cikin aike ke nan.

Yayana yana da 'yan aike biyu da suka shafi maganarmu. Na farko tsoho ne, sunansa "duba bashi", ya rubuta shi tun watannin baya domin rahoton da Malam Sakatare ke karanta wa shugabanni. Aikinsa shi ne ya fara fito da jadawalin abin da manomi ya karɓa a shekara, domin rahoton da shi yake farawa, sa'an nan ya cire abin da aka biya ya riƙe ragowar. Na biyu sabo ne, sunansa "bincika manomi", an yi shi musamman domin ranar rabo. Da yayana ya zo wurin lissafin bashi sai ya ga ai yana da wanda ya iya aikin, me zai sa ya sake rubutawa? Sai ya sa sabon ya aiki tsohon.

A nan gizo ke saƙar. A irin wannan rumbu, in ɗan aike na ciki ya yi tambaya bai faɗi inda za a zuba amsar ba, amsar ba ta tsayawa hannun wanda ya aike shi, sai ta zarce kai tsaye zuwa manhajar da ta yi kiran farko. Saboda haka duk lokacin da na buga lamba, jadawalin amsa biyu ke tahowa a jere. Na gaba shi ne na "duba bashi", mai ɗauke da abin da mutum ya karɓa bara. Na baya shi ne na "bincika manomi", mai ɗauke da ragowar bashi ta gaskiya. Manhajar kuwa an gaya mata amsa ɗaya za ta zo, saboda haka ta karɓi ta farko ta rufe ƙofa. Wani ƙarin rashin sa'a, gidan kuɗi a jadawalan biyu suna ɗaya yayana ya ba su, watau "jimla", don haka manhajar ba ta ga wani abin tuhuma ba.

Da ya ga kamar ban kama ba, sai ya kawo mini misali daga gidanmu. Ya ce in ɗauka Baba yana zaure da baƙi, ya kira ni a asirce ya ce in je wurin mai shago in ji nawa ya rage ake bin sa. Ni kuma da na isa sai na ce wa ƙanenmu ya leƙa littafin mai shago ya gaya mini. Yaro ya leƙa, ya ga kuɗin kayan da aka ɗauka a saman shafi, maimakon ya raɗa mini, sai ya ruga gida ya tsaya bakin zaure ya faɗa da ƙarfi. Kafin in iso da labarin cewa an biya duka, baƙi sun ji, sun tashi, sun tafi da abin da suka ji. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Laifinsa shi ne ya tsallake wanda ya aike shi, ya kai rabin magana inda ake jiran cikakkiya.

Sa'an nan na gane abin da ya fi ba ni tsoro a cikin al'amarin duka. Sabon shiga bai karɓi kome bara ba, don haka amsa ta farko da ta biyu duk babu bashi suka ce. Wanda bai biya ko sisi ba, abin da ya karɓa da abin da ake bin sa ɗaya ne, nan ma amsoshin sun yi daidai. Kuskuren bai taɓa kowa ba sai wanda ya biya, wanda ya biya duka kuwa shi ya fi kowa cutuwa. Na tambayi yayana ko bai gwada manhajar ba kafin ranar. Ya ce ya gwada, amma da sunayen ƙarya da ya ƙirƙira, waɗanda ya rubuta musu karɓa bai rubuta musu biya ba. Ashe na'urar da muke yabo ba ta jin kunyar kowa, masu cika alkawari kaɗai take tozartawa.

Na ce to sai a share wannan layi mai fito da jadawalin farko, magana ta ƙare. Ya ce ba ta ƙare ba, domin rahoton Malam Sakatare a kansa ya dogara, in an share an gyara nan an ɓata can. Jadawalin da ya zama dafi a teburin rabo, a teburin rahoto shi ne abin da ake so. Daga nan ya lissafa mini hanyoyin da masu wannan sana'a ke bi.

Hanya ta farko ita ce a bar 'yan aike yadda suke, a koya wa manhaja haƙuri: ta karɓi amsa ta farko ta ajiye gefe, ta nemi ta gaba, har sai ta kai ta ƙarshe. Wannan tana da sauƙi, tilas ma mai aiki da MySQL ya san ta, domin in ya bar amsoshi a hanya bai kwashe ba, ya kuma aika sabon umarni ta wannan layi, rumbun zai ƙi, ya ce masa umarni sun sarƙe. Amma aibinta shi ne ta dogara ga ƙidaya. Ran da wani ya ƙara wa ɗan aike na ciki wata tambaya, ko ya sauya jeri, sai manhaja ta sake ɗaukar abin da ba shi ba, ba kuma wanda zai sani sai an sake kunyata wani.

Hanya ta biyu ita ce a tara wa yaro kwando. A rumbun kamfanin Microsoft, SQL Server, ɗan aike na waje yana iya buɗe jadawali na wucin gadi ya ce duk abin da na ciki ya fito da shi a zuba nan, in ya gama ya zubar. Sai dai tilas gidajen kwandon su dace da na abin da za a zuba, kuma ba a iya yin kwando cikin kwando: in na ciki ma yana tara wa wani, rumbun zai ƙi. Wannan rumbu tun fitowarsa ta 2012 yana da wata kalma da ake cewa da ita ba a son amsa ko ɗaya, amma ba ta rufe bakin ɗan aike, sai dai in ya yi magana ta tsai da aikin gaba ɗaya. MySQL kuwa ba shi da wannan kwando, don haka hanyar ba tamu ba ce.

Hanya ta uku ita ce a ƙara wa ɗan aike wata alama, in an ɗaga masa ita ya yi shiru, in ba a ɗaga ba ya yi magana. Tana aiki, amma ta bar nauyi a kan ƙwaƙwalwar mai kira, ran da ya manta an koma gidan jiya.

Hanya ta huɗu ita yayana ya bi, ita ce kuma ta fi kwanta mini. Ya raba "duba bashi" gida biyu. Ɗaya aikinsa lissafi kawai, ba ya fitar da jadawali ko ɗaya, sai dai ya sa ragowar bashi a wani ɗan aljihu da wanda ya aike shi ya ba shi, ya miƙa masa hannu da hannu. Ɗayan kuma shi ke da izinin magana da waje, shi ke haɗa rahoton Malam Sakatare, in yana son lissafi shi ma ya aiki na farkon. Ya kuma sauya sunayen gidajen, wannan ya zama "abin da aka karɓa", wancan "ragowar bashi". Kafin ya rufe kwamfutar ya gwada ta da mutum huɗu daga littafi: sabon shiga, da wanda bai biya ba, da wanda ya biya rabi, da wanda ya biya duka. Ƙa'idar da ya kafa wa kansa ita ce ɗan aike na ciki ba ya magana sai da wanda ya aike shi, bakin da ke magana da waje kuwa guda ɗaya ne.

Da na ji wannan sai na tuna darasin tarihi. A zamanin Muhammadu Bello, al'amuran manyan masarautun gabas kamar Kano da Zazzau ta hannun Waziri suke bi, Waziri Giɗaɗo ke nan a lokacin. Har yau kuma a ƙasar Sakkwato mai unguwa ga hakimi yake kai magana, hakimi ya kai ga uban ƙasa, uban ƙasa ya kai fada. Dā ina ɗaukar wannan girman kai ne kawai na masu sarauta. Yanzu na ga akwai hikima a ciki, domin kowane mataki yana tace magana, ya cika abin da ya rage, kafin ta isa inda in an faɗe ta ba ta komowa. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa.

Gyaran kwamfuta bai wuce daren nan ba. Na mutum shi ne ya ɗauki lokaci. Sai bayan kwana huɗu muka samu zuwa Goronyo, ni da yayana da Malam Sakatare, da sassafe, da buhu huɗu a bayan mota. Muka tarar da dattijon a bakin gonarsa. Ya karɓe mu da lale marhabin kamar ba abin da ya faru, ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo fura. A nan muka ji cewa dashen albasarsa ba ya jira, don haka washegarin ranar ya kai tunkiyarsa kasuwa ya sayar, ya sayi taki da tsada. Yayana ya fara bayanin 'yan aike da jadawali, dattijo ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ɗana, akwati ba shi da kunne, ban ga laihi nai ba. Kai ka da kunne. Na ce maka na biya, kaj ji, kaz zaɓi maganar akwati."

Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini."

Ya ce, "Na yahe tun ran nan, Allah shi yahe muna baki ɗai. Tunkiya ta tahi, Allah na mai da wata. Amma abin da anka ɓata gaban jama'a, gaban jama'a ya kamata a gyara shi."

Haka kuwa aka yi. Ran da aka koma rabo, kafin a kira lamba ko ɗaya, na miƙe a gaban mutanen Wurno da na Rabah da na Goronyo na ce dattijo wane ba a bin sa ko kwabo, ya biya tun lokacin da ya ce ya biya, ni na yi masa ƙazafi. Muryata tana rawa, amma na faɗa har sau biyu. Matashin da ya yi dariya yana nan, ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar littafi mai baƙin bango ya komo kan tebur kusa da kwamfuta, ni kuma na daina karanta bashin kowa da ƙarfi, sai in kira mutum kusa in gaya masa a hankali, in ya ce ba haka ba ne a buɗe littafi.

Abin da na ɗauko daga wannan hutu ke nan. Na je ina ganin ƙanenmu na cikin misali shi ne mai laifi, na komo na gane ni ne shi. Ni ma ɗan aike ne a kan teburin nan, an ba ni rabin magana, na ruga na faɗe ta a bakin zaure. 'Yan'uwa, yawancinmu in mun gama karatu irin wannan tebur za mu hau, a makaranta ko asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma, allo a gabanmu, talaka a tsaye. In allo ya faɗi ɗaya, mutum ya faɗi ɗaya, mu tuna allon ma saƙo aka ba shi, mai yiwuwa kuma na ɗan aiken ɗan aike ne ya rigayi na gaskiya isowa. Mu tambaya, da Hausa, har sai an gaya mana daga ina amsar ta fito.

Allah ya rufa mana asiri, ya hana mu tona na wani.